Ƙarfen da Nake Shayarwa

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, daidai inda ya faɗo shekara talatin da uku da suka wuce, kuma tun da aka ga wata raina yake a ɓace. Ba yunwa ba ce, don tsoho irina ba ya cin abin kirki ko da ba azumi. Ba kuma zafin ba ne, duk da cewa in azahar ta yi ƙofar shagona da ke Goronyo ba ta taɓuwa da hannu. Magana ce wani abokin sana'ata ya kawo mini. Ya ce Nasiru ɗan marigayi Bello ya sa sola a gidansu na ƙauye, da janareto a gefe don ranar da hadari ya rufe rana, amma ba a kafa ƙarfen ƙasa ba. Na ce wane sakarai ne ya yi aikin? Ya ce mai aikin ya zo da ƙarfensa, uwar Nasiru ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba za a binne mata komai a gida ba.

Mu masu aikin waya atin muke ce masa. Sanda ce ta ƙarfe mai rigar jan ƙarfe, ta fi mutum tsawo. Ana kafa ta cikin ƙasa, a ɗauro mata waya mai kauri daga jikin inji da duk wani ƙarfen da hannu ke iya kaiwa. In wuta ta ɓalle daga hanyarta ta hau jikin inji, sai ta bi wayar nan ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Iyakar aikinsa ke nan. A kan wannan sandar na rasa garinmu, kuma na san dalilin da ya sa uwar Nasiru ba ta son ganin ta.

Ƙauyenmu yana gabas da Taloka, kusa da gulbi. Lokacin da ake gina dam, wato madatsar ruwa ta Goronyo, na yi shekara huɗu a can, na fara da ɗaukar kankare, na ƙare ina riƙe wa masu haɗa wuta waya har hannuna ya faɗa. Da aka datse ruwan, gulbi ya daina malalowa fadama kamar yadda ya saba, magudanar da aka ce za ta iso mu kuma ba ta iso ba tukuna. Damina biyu a jere suka zo da ƙyar suka tafi da wuri. Rijiyoyi suka ja baya, har sai an ƙulla igiya biyu kafin guga ya taɓo laka. Mu da muka yi aiki a dam sai aka riƙa kallon mu kamar da hannunmu muka kulle ruwan muka sa makullin a aljihu.

A cikin wannan hali ne wasu ma'aikata suka zo suka haƙa rijiyar burtsatse a kan gonarmu ta gado. Suka ɗora tanki a sama, suka jera farantan sola a kan ƙafafun ƙarfe, suka gina ɗan ɗaki da rufin kwano suka sa janareto mai shan gas a ciki. Da rana sola ce ke jan ruwa. In rana ta yi sanyi, ko mutane sun yi yawa, sai a tayar da inji a juya hannun canji zuwa gare shi. A duk yankin ba wanda ya taɓa ganin irin wannan abu, har daga Kagara ana zuwa kallo. Da yake ni kaɗai na san bambancin jar waya da baƙa, ni aka ba makulli.

Gonar kuwa rabi tamu ce, ni da Inna mahaifiyata, rabi ta Baffa Sidi, ƙanen mahaifina, ladanin garinmu. Tun rasuwar mahaifina ba mu daidaita da shi a kan iyaka ba. Layin gamba ne ya raba mu, kuma kowace shekara sai na ga kamar gambar ta matso wajenmu da taki ɗaya, shi ma haka yake gani ta nasa ɓangaren. Da injiniyan masu rijiyar ya zo kafa ƙarfen ƙasa sai ya bi yana tona nan da can, yana neman inda ƙasa ke da ɗan danshi. Ya same shi bayan ɗakin inji, taki uku cikin ɓangaren Baffa. Muka haƙa rami, muka kafa sandar, muka zuba buhun gawayi da gishiri kewaye da ita don su riƙe laima, muka mayar da ƙasa. Baffa yana Sakkwato ranar, kuma ban ga dalilin zuwa in yi masa bayani ba. Kafin injiniyan ya shiga mota ya kama kafaɗata ya ce, da rani ƙasar nan takan bushe har ƙasa, busasshiyar ƙasa kuma ba ta karɓar wuta, don haka kullum safiya in zuba wa ramin guga biyu. Ya nuna mini wani makunni baƙi a cikin akwatin bango, ya ce in wuta ta hau jikin inji wannan zai faɗi da kansa ya yanke ta, amma da sandar nan yake ji, in babu ita kurma ne.

Sai azumi ya kama, a cikin zafin da ban sake ganin irinsa ba sai bana. Tun hantsi iska take zuwa kamar daga bakin tanda. Sahur ɗinmu kunun tsamiya ne tsararo da ragowar tuwon jiya, gero ya kusa ƙarewa a rumbu, Inna tana auna shi da ƙaramin ƙoƙo tana karkaɗe bakin. Kafin rana ta take, leɓe ya tsage, miyau ya zama kamar ƙaro. Maza su jiƙa riga su kwanta a gindin tsamiya, rigar ta bushe kafin mutum ya juya. Albasar da aka zuba a rudu, rumfar ajiyarta, ta fara ruɓa daga ƙasa, warinta ya cika gari. Awaki suna tsaye a inuwar katanga baki buɗe. Da magariba kuwa a sha ruwa har ciki ya yi ƙara, sannan a nemi ɗan kwaɗon zogale da fura marar nono a tura.

Duk garin, da rugagen da ke kewaye, a kan famfo huɗu suke. Kafin in dawo daga sallar asuba layin tuluna da garewani ya kai bakin hanya. Ni kuma abin da nake fara yi shi ne in tari guga biyu daga ɗan abin da ya kwana a tanki, in zagaya bayan ɗaki, in juye a ƙasa. Ƙasar ta shanye shi nan take, ko alamar kirki ba ta bari. Mata hamsin suna kallo, wasu tun kafin gari ya waye suke tsaye.

Hajo matar Bello ce ta fara yi mini magana. Bello ɗan Baffa Sidi ne, sa'ana, a akushi ɗaya muka ci tuwo muna yara. Hajo tana da ciki a lokacin, kuma bakinta ba ya jiran kowa.

"Ummaru, mi kaka yi hakanga? Muna nan tun asuba da tuluna, kai kana ba ƙasa ruwa? Ko ƙarhen naka ba shi azumi, sai an ba shi kalaci da sahe?"

Mata suka kwashe da dariya, irin dariyar da babu daɗi a cikinta.

Na ce, "In ƙasag ga ta bushe, ƙarhen ba shi aiki. In ba shi aiki, wuta na iya kama mutum."

"Wace wuta cikin ƙasa? Kai dai hwaɗi gaskiya."

Da na tsaya na yi mata bayani a hankali, wataƙila da ta ji. Amma ni a lokacin ina ɗan shekara ashirin da shida, na yi aiki da Turawa, ina ganin kaina. Na ce mata ta kama tulunta ta bar abin da ya fi ƙarfin kanta. Daga ranar kullum in ina juye ruwan bakina yana motsi, ina zagin su a ciki-ciki. Ashe ana lura da bakin nan nawa.

Ga kuma wata matsala. Ɓeraye sun shiga cikin janareton sun ci rigar waya a inda hannuna ba ya kaiwa. In aka tayar da shi ya yi zafi, sai baƙin makunnin nan ya faɗi, ruwa ya tsaya. In jira ya huce, in ɗaga, ya yi rabin awa, ya sake faɗuwa. Na san abin da yake gaya mini: wuta tana hawa jikin injin. Na aika saƙo ga masu rijiyar, aka ce sai bayan salla. Mutane kuwa abin da suke gani shi ne, da la'asar, lokacin da kowa ke neman ruwan buɗa-baki, famfo ya yi tari ya ɗauke, Ummaru ya shiga ɗaki ya fito ya ce a jira.

A ranar goma sha biyar ga wata, bayan la'asar, na iso na tarar da taro a bayan ɗakin inji. Baffa Sidi yana tsaye da carbi, Bello yana cikin rami da shebur, gumi ya jiƙa masa baya. Sun riga sun kai ga gawayin. Baffa ya sunkuya ya ɗebo da hannunsa, baƙi da fari a cakuɗe, ya ɗaga wa jama'a.

"Kai Ummaru, mi kab bizne cikin gonata?"

"Baffa, ba ni nib bizne ba. Injiniya na yac ce a sa shi nan. Na tsaron wuta na."

"Gawayi, da gishiri, da jan ƙarhe. Cikin rame, kan iyaka, ranad da ba ni gari. Kullum kana zuwa da sahe kana ba shi ruwa kana yi mai magana. Ni da nit tashi gaban malamai, kai za ka gaya man abin da aka yi da irin wanga?"

Ya shiga lissafo abin da ya same shi tun da aka kafa sandar. Akuyarsa ta yi ɓari. Albasarsa ta fi ta kowa ruɓewa. Ƙafarsa ta dama tana kumbura. Kowanne ya faɗa sai mutane su ce, "Hakanan na." Gaskiya kuma, in na cire kaina daga ciki na duba, me mutumin ƙauyenmu zai ce in ya tono gawayi da gishiri da jan ƙarfe a iyakar gonar da ake rigima a kanta? Amma a ranar ban duba haka ba. Jinina ne ya hau. Ina kallo Bello ya sa gatari ya datse wayar, su uku suka girgiza sandar suka zare ta, aka kai ta tsohuwar rijiya aka jefa.

Na shiga ɗaki na kashe inji, na kulle, na sa makullin a aljihu. Na ce ba mai sake tayar da shi sai an mayar da sandar. Kwana biyu aka yi a kan sola kaɗai, ruwa yana zuwa siriri, da la'asar ya ɗauke gaba ɗaya. Mata suna komawa da tulu rabi, wasu da wofi. Har Inna sai da ta ce mini, "Ummaru, mutane na azumi. Ka ji tsoron Allah." Na ce mata tsoron Allah ne ya sa na kulle.

A rana ta uku Magajin gari ya sa aka kira ni zaurensa. Dattawa sun cika, Baffa yana gefen dama. Magaji mutum ne mai sanyi, ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni.

"Ranka shi daɗe, injin ga na da ciwo. Wuta na hawa jikinai. Sandad da anka hidda ita ka kai ta ƙasa. Yanzu duk wanda yat taɓa shi, ranai na hannun Allah."

Baffa ya ce, "Kun ji ko? Yanzu kuma barazana ta. Wanda yat taɓa, shi mutu."

A nan ne na yi abin da har gobe nake cizon yatsa a kansa. Na ce, "Wallahi ban taɓa ganin jahilai irinku ba." A gaban Magaji, a gaban dattawan da suka yi wa mahaifina salla, ga ƙanen ubana wanda ya sauke Alƙur'ani tun ban zo duniya ba. Duk gargaɗin da na yi kafin nan ya bi iska, kalma ɗayan nan kaɗai aka ji. Magaji ya ce in ajiye makulli. Ban miƙa ba, wurgi na yi da shi a kan tabarma. Bello ya ɗauka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan. Da na fito daga zauren, sifanar da nake kwance noti da ita tana cikin aljihuna, kuma tagar ɗakin injin ba ta kulluwa. Na san ɗan bututun mai guda ɗaya da in na kwance shi na tafi da shi, injin nan ba zai sake tashi ba sai masu shi sun zo. Aikin minti biyar ne. Na tsaya a kan hanya na yi tunaninsa sarai. Sai zuciyata ta ce, bar su, bari ta ɗan ja su, su san ka fi su sani. Na wuce gida.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona mini rai. Tun da aka cire sandar, baƙin makunnin bai sake faɗuwa ba, don ya zama kurma kamar yadda injiniya ya ce. Bello ya tayar da inji tun la'asar har magariba ba tsayawa, tanki ya cika har yana zuba, famfo huɗu suna feshi. Mata suka riƙa yi masa addu'a. Aka ce ai ga shi nan, tun da aka tone abin Ummaru ruwa ya saki. In na ratsa kasuwa sai in ji an ce, "Ga boka nan." A masallaci wanda ke kusa da ni a sahu sai ya ɗan ja kafaɗarsa. Inna ta daina zuwa famfo da kanta, sai wata maƙwabciya ce take ɗebo mata a ɓoye.

Wata rana Inna ta ce ta ji Bello yana cewa in ya taɓa jikin injin yana jin tsam-tsam a yatsunsa, har ya naɗa tsumma a hannun canjin. Ta tambaye ni ko wani abu ne. Na ce ba komai. Na san busasshen daɓe da takalmin roba ne kawai ke tsakaninsa da lahira. Kuma, Allah Ya gafarta mini, daɗi na ji da na ji ta fara taɓa shi.

Ranar ashirin da bakwai ga azumi, da azahar, iska ta tsaya cak. Zafi ya yi nauyi har numfashi yana wuya. Can wajen la'asar gabas ta yi baƙi, sai ga iska ta taso da ƙarfi tana kwashe dannin gidaje, tana ɗaga kwanon rufi. Sannan ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu zafi da farko, daga baya kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Mutane suka fito tsakar gida suna tsaye a cikinsa da tufafinsu, bakinsu a rufe don azumi, fuskokinsu a sama. Inna ta jera duk wata ƙwarya da tukunya da muke da ita a bakin indararo tana hamdala. Ni ma na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Amma ina tsaye a cikin ruwan na tuna da rufin ɗakin inji, wanda kusoshinsa biyu suka daɗe da fita.

Washegari kowa ya yi shirin shuka. Bayan sallar asuba na ɗauki sungumi da ƙoƙon iri na nufi gona, hanyar kuwa ta gaban rijiyar ta bi. Gari ya waye da gajimare, rana ba ta fito ba, sola ba za ta ja komai ba. Na hango kwano ɗaya na rufin ya kwanta a gefe. Ƙofar ɗakin a buɗe take, daɓen yana ƙyalli da ruwa. Bello yana bakin ƙofa ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, takalmansa na roba suna can a kan dutse, laka ta cika su. Ƙafafunsa tsirara. Hajo da wasu mata kaɗan suna bakin famfo.

Na tsaya. Wallahi na tsaya, na buɗe baki. Bello ya riga ni.

"A'a, boka! An zaka ba ƙarhe ruwa? Yau kam Allah Ya hutasshe ka, Ya shayad da shi da kainai."

Matan suka yi dariya. Hajo ta ce, "Bar shi shi wuce, kada shi sa muna baki ga ruwa."

Kalma huɗu ce a bakina: kada ka tada shi. Ko in ce, sa takalminka. Na dubi ƙafafunsa, na dubi fuskarsa yana dariya, na haɗiye. Na gyara sungumi a kafaɗa na wuce.

Ban yi rami ashirin ba na ji injin ya tashi. Na ci gaba da sara ina jefa iri, kunnena yana can. Sai na ji ihun Hajo. Abin da ba na mantawa shi ne, tana ihu injin yana ta bugawa daidai, bai ko canja murya ba. Na yar da ƙoƙon na ruga. Na tarar da shi a tsaye, hannunsa na dama a manne da jikin injin, kansa ya karkace, matan suna ja da baya suna salati. Na sa ƙotar sungumi na buge hannun mai, injin ya mutu, Bello ya zube a cikin ruwan. Na danna ƙirjinsa, na hura masa iska kamar yadda aka koya mana a dam, har sai da wani ya janye ni.

Kafin azahar aka kai shi. A maƙabarta, bayan an mayar da ƙasa, Baffa Sidi ya zo ya tsaya a gabana. Idonsa a bushe. Bai ɗaga murya ba.

"Ka ce wanda yat taɓa shi mutu. To, ya mutu. Ka rama."

Na sunkuyar da kai. Mutane suka ɗauka hakan amsa laifi ne, kuma ba su yi kuskure ba, sai dai ba laifin da suke nufi ba ne. Bayan salla da kwana uku na kwashe Inna muka koma Goronyo, na bar wa Baffa gonar duka, da gambar da komai. Hajo ta haihu da kaka, aka sa wa yaron Nasiru. Baffa ya yi shekara goma sha ɗaya bayan nan, bai sake yi mini magana ba, kuma da ya rasu aka aiko cewa kada in zo.

Yanzu sola ta cika ko'ina. A fadama kowane mai albasa yana da farantansa, masu shago suna da firji, yara suna cajin waya a kowace rumfa. Na kafa ƙarfen ƙasa a gidaje da masallatai da ban san adadinsu ba, daga Wurno har Rabah, ina zuba gawayi da gishiri a gaban masu gida suna kallo suna yi mini sannu. Ana ce mini tsoho mai faɗa, don in mutum ya ce a bar atin sai wani lokaci, tattara kayana nake yi in tafi.

Shekaranjiya na rufe shago da hantsi. Na ɗaura sanda sabuwa a gefen babur, da buhun gawayi da gishiri da naɗin waya, na kama hanyar da na yi shekara talatin da uku ban bi ba. Na sami gidan, na zagaya bayan ɗakin da na ji warin mai, a gefen lungu inda ba gonar kowa ba ce, na fara haƙa. Ƙasar kamar dutse. Kafin in kai tsawon hannu idona ya fara ganin duhu-duhu, harshena ya manne.

Inuwa ta faɗo a kan ramin. Hajo ce. Ta tsufa, ta rame, amma bakin yana nan.

"Kai kuma? Mi za ka bizne muna wanga karo? Uban bai ishe ka ba, sai ka haɗa da ɗan?"

Wani mutum dogo ya fito bayanta ya tsaya. Ban buƙaci a gaya mini ko wane ne ba, kafaɗun Bello ne da tsayuwarsa.

Na dogara da shebur na ce, "Hajo, ban taɓa yi ma kowa asiri ba. Amma ranan nan na ga ƙahwahunai ba takalmi, na ga ruwa ƙasa, na san abin da za ya hwaru. Nib buɗe baki, kunka yi dariya, nir ruhe. Wanga shi na laihina, kuma ya hi wanda kuka zargi na da shi."

Ta daɗe tana kallo na.

"Ka sani," ta ce. "Ashe ka sani." Ta tofar da miyau a gefen ramin. "Ba ni yahe maka, Ummaru. Ko gaban Allah."

"Ban zaka neman yahiya ba."

"In kat tahi, sawa zan yi a tone shi."

"In an tone in dawo in kahwa wani. Suna nan da yawa cikin shago."

Ta juya ta shige gida, na ji ta banko ƙofa. Nasiru bai bi ta ba. Bai gaishe ni ba, bai ce mini Baffa ba, bai kuma karɓi shebur ɗin daga hannuna ba. Ya tsaya a rana yana kallon ramin, ni kuma na ci gaba da sara. Sai da na kafa sandar, na juye gawayin da gishirin, na ɗauko naɗin waya, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ɗakin inji. Bai miƙo mini ba. Wurgo shi ya yi a ƙasa, kusa da ƙafata.

Na sunkuya na ɗauka.